Zomon da Ya Bi Ni Kai Lefe Argungu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kai lefen ƙanena Nasiru Argungu ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bar ni ba. Amma kafin in kai ku can, sai na fara faɗa muku yadda aka yi zomo ya shigo gidana.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi, darasin kula da gida nake koyarwa. Wato ni ce mai bin layi ranar Litinin tana duba faratan ɗalibai, tana yamutsa fuska. Ban taɓa kiwon ko kaza ba. Kyanwa ma in ta leƙo tsakar gidana, da tsintsiya nake raka ta.

Wata rana aka yi wa maƙwabcinmu canjin wurin aiki, suka kwashe kaya suka bar gari. Bayan kwana uku mai gidan ya kawo masu shara. Ina dawowa daga makaranta na ga sun fito da wani keji na ragar waya sun ajiye a bakin bola. Na ɗauka babu komai a ciki, sai na ga abu ya motsa.

Zomo ne, ko in ce abin da ya rage na zomo. Gashin bayansa ya zube fili-fili, kunnuwan sun yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Sai ɗaga ƙafa yake yana saukewa, ya rasa wadda zai taka. Da na sunkuya na duba, tafin ƙafafunsa na baya duk sun zama gyambo saboda daɗewa a kan waya.

Ɗaya daga cikin masu sharar ya ce, "Hajiya, rabu da shi. Wanga ko yankawa ba a yi, ƙazuwa ta gama da shi."

Na yi niyyar rabuwa da shi, Allah ya sani. Har na yi taku biyu. Sai na waiwaya, na ga ya jingina hancinsa da wayar yana kallona. (Na san za ku ce zomo kowa haka yake kallo. Ku bar ni da abin da na gani.) Na cire tsohon ɗankwali daga jaka, na naɗe hannuna, na ɗauki kejin na shige gida ina toshe hanci.

Maigida na zaune a baranda. Ya dubi kejin, ya dube ni, ya ce, "Malama, mi ne wanga kuma?"

Na ce, "Baƙo ne. Kwana biyu zai yi, in ya warke in samo masa masu riƙo."

Daga nan sunan ya bi shi, Baƙo.

Washegari na kai shi wurin likitan dabbobi, wani dattijo mai haƙuri. Ya ce wasu ƙananan ƙwari ne ke cin fatar, ya yi masa allura, ya ce in dawo da shi bayan sati biyu a ƙara. Ƙafafun kuwa, ya ce su ne aikin. A raba shi da waya, a yi masa shimfiɗa mai laushi, a wanke ciwon safe da yamma da ruwan ɗumi, a shafa magani, a naɗe. Maganin mai launin shunayya ne, irin wanda in ya taɓa fata sai ya ga dama yake fita. Ya kuma ja mini kunne cewa kada in bar ciwon a buɗe ƙuda su same shi, kada kuma in bar shi cikin zafi, don zomo ba ya jure zafi.

Matsalar ita ce Baƙo ba ya ƙaunar bandeji. In na ɓata rabin awa ina naɗewa, kafin in wanke hannu ya kwance abinsa da haƙori, ya zauna yana kallona kamar yana jiran in sake. A rana ta huɗu dabara ta zo mini. Na shiga kasuwa na nemi safar jarirai. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta zaɓo mini masu ruwan ƙwai da hoton agwagwa, ta ce, "Allah shi raya, Hajiya. Mace ko namiji?"

Na ce, "Namiji."

"Masha Allahu. Allah shi sa mai jin ƙanku na."

Na ce amin, da ƙarfi ma kuwa. Me kuke so in ce?

Safa ta yi aiki, ko da yake sai ina dubawa a kai a kai, don in ya samu sarari yakan tuɓe guda. Sannu a hankali ɓawon kunnen ya fara faɗuwa. Ya fara cin ganyen dankali da karas kamar wanda ke rama bashin yunwa. In ina duba littattafan ɗalibai da la'asar, sai ya tako a hankali da 'yan safarsa, ya kwanta a kan ƙafata. Ni da nake wanke hannu in na taɓa ƙofar aji, sai ga ni ina sosa wa zomo mai ƙazuwa goshi, ina ba shi labarin abin da shugabar makaranta ta ce a taron malamai. Yatsuna kuwa sun rine da shunayya har cikin farata, ranar Litinin sai da na duba faratan ɗalibai hannuna a baya.

Ana haka ranar kai lefe ta zo. Gwaggo Luba, yayar mahaifinmu, ita ce jagora. Mace ce da ba a yi mata musu. Tun ranar Alhamis ta tara mu ta ce, "Gidan ga da za mu, gidan mutunci na. Kowace ta kama kanta. Ban son rawar kai, ban son dariyar banza." Sannan ta nuna ni. "Ke babbar yayar ango, kuma malama, kusa da ni za ki zamna. Ke za su duba su san irin gidan da ɗiyassu za ta."

Na ji daɗi har kaina ya ɗan kumbura. Na ɗinka leshi, na sa aka zana mini lalle don ya rufe shunayyar. Bai rufe ba, sai ma ya zama kamar an zana fure a kan tabo. Na ce ba komai, mayafi zai rufa mini asiri.

Sai da gari ya waye ranar Asabar na tuna ba ni da inda zan bar Baƙo. Maigida ya tafi Zauro wurin yankan shinkafa. Maƙwabta kuwa tun da suka ji kalmar ƙazuwa, daga bakin ƙofa suke gaishe ni. Ga zafi, ga babu wuta, ga shi in na bar shi wuni guda zai tuɓe safar ya buɗe ciwon. Na tsaya tsakar ɗaki da gwaggwaro a kai ina tunani, sai idona ya faɗa kan wani kyakkyawan kwando mai murfi da nake ajiye da shi tun aurena. Na shimfiɗa tawul a ciki, na zuba ganyen dankali, na sa Baƙo, na rufe. Don kada Gwaggo ta yi tambaya, na lulluɓe kwandon da farin ƙyalle mai ado, irin na rufe kwanon baƙi.

(A nan ne na kashe kaina. Da tsohon kwalin taliya na saka shi, da ba wanda zai ko kalle shi.)

A cikin bas na ajiye shi tsakanin ƙafafuna. Gwaggo ta ce, "Mi kinka ɗauko nan?"

Na ce, "Kayan buƙata ne, Gwaggo." Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya.

Shirina mai sauƙi ne. In mun isa, in ce wa direba ya ajiye motar a inuwa, ya riƙe mini kwandon, in riƙa fitowa ina dubawa. Muka wuce Ambursa, fadama ta yi jawur da shinkafa, mata na ta hira, ni kuwa ina ta tura yatsa ta ƙasan ƙyalle in ji ko yana numfashi.

Abin da ban lissafa ba shi ne irin tarbar mutanen Argungu. Motar ba ta gama tsayawa ba matan gidan suka fito da guɗa. Wata ta rungume ni, wata ta ja hannuna, wata na tambayar ya hanya ya gajiya. Kafin in juya an yi ciki da ni. Na waiga na hangi direba, na nuna masa motar da ido, ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka ya gane. Ashe gaisuwa yake mayarwa.

Muka shiga babban falo, aka zazzauna a kan kafet. Na zauna kusa da Gwaggo, na gyara mayafi, na ɗaga kai da murmushin babbar yaya. Sai na ga akwatunan lefe an jera su a tsakiya, kuma a saman babban cikinsu, an ɗora kwandona da farin ƙyallensa, kamar shi ne sarkin kayan.

Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta mintsine ni a cinya ba tare da ta dube ni ba. "Zamna," ta ce ta ƙasan haƙori. "Addu'a za a yi."

Aka yi addu'a, na shafa da hannuwa a cikin mayafi. Tawa addu'ar daban ce.

Mai buɗe lefen ita ce Hajiya Rabi, ƙanwar mahaifiyar amarya, mace mai murya da iya zance. Ta sauke kwandon gefe, ta ce wannan sai ƙarshe. Ta shiga ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, leshi, atamfa, mayafai, takalma da jakunkuna, turaruka. Kowanne ta ɗaga sai a yi guɗa, a ce masha Allahu. Gwaggo sai gyaɗa kai take cikin ƙasaita. Ni kuwa ban ga ko ɗaya ba, idona na kan kwando, ina roƙon Allah ya sa a kira salla ko a ɗauke hankalin mutane da wani abu.

Ba a kira ba. Hajiya Rabi ta jawo kwandon gabanta, ta shafa ƙyallen, ta ce, "To, wanga da anka lulluɓe, na san nan sirrin yake. Mutanen Birnin Kebbi ba ku da dama. Hala zinariya ta?"

Gwaggo ta dube ni da alamar tambaya, har da ɗan murmushi, wai ko wata bajinta na shirya a ɓoye.

Aka ɗaga murfi.

Kunnuwa ne suka fara fitowa, rabi gashi rabi fata. Sannan kai. Baƙo ya dubi jama'a yana motsa hanci, da guntun ganye a baki. Sai ya yi tsalle guda ya dira a kan leshin da ya fi kowanne kyau, wanda Nasiru ya yi ta yawo kafin ya samo. Ga bayansa fili-fili, ga safa mai agwagwa ta jiƙe da shunayya. Matar da ke guɗa ta riga ta ɗauko, sai abin ya maƙale mata a wuya ya koma tari. Baƙo ya gyara zama a kan leshin, ya saki 'yan ƙwayoyin kashinsa guda biyar ko shida, cikin natsuwa.

"Inna lillahi," in ji wata daga baya.

Hajiya Rabi ta ce, "Jama'a, wanga na wa ne?"

To, ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Ni, wadda ta yi kwana da kwanaki tana wanke wa wannan bawan Allah ƙafa safe da yamma, wadda ta amsa addu'ar raya shi a kasuwa, sai na ɗaga kai na ƙura wa fankar silin ido, kamar ban taɓa ganin fanka ba.

Gwaggo ta ce, "Ba namu ba ne. Hala na gidan ga na, ya shiga ciki."

Hajiya Rabi ta ce, "Mu nan zomayenmu ba su sa safa, Hajiya."

Aka fara ƙus-ƙus. Na ji wata tsohuwa na cewa wannan ba banza ba, zomo mai ciwo cikin kayan aure, an shafa masa wani abu a ƙafa, a bincika ko turo shi aka yi. Wata ta ce kada kowa ya taɓa kayan sai an kira malam. Fuskokin da ke ta fara'a ɗazu suka canza. Na ga auren ƙanena yana tangal-tangal a gabana saboda ni, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Hajiya Rabi ta ce, "Ko ma mi ne, bari in hid da shi waje, karnuka su ji da shi." Ta miƙa hannu ta damƙe shi ta kunnuwa ta ɗaga sama. Baƙo ya shiga harba ƙafafu.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kar ki kama shi ta kunne! Jiya-jiya ɓawon ya faɗi!"

Da muryar aji na faɗe ta, irin wadda ake ji har ofishin shugabar makaranta. Mayafina ya zame, na miƙa hannuwa biyu gaba. Na ga idanun mata wajen talatin sun sauka kan yatsuna, sun koma kan safar zomo, sun sake dawowa kan yatsuna. Launi ɗaya sak. Ko alƙali ba ya buƙatar wata shaida.

Hajiya Rabi ta firgita ta sake shi, ya faɗa kan kaya, ya zura ƙarƙashin doguwar kujera. Ni kuma, babbar yayar ango, wadda za a duba a san irin gidanmu, na durƙusa da leshina, na kifa ciki a kan kafet ɗin surukai, na tura kai ƙarƙashin kujera. Gwaggwaro ya tuɓe ya gangara. Na jawo ganyen dankali daga kwando ina kaɗawa, ina cewa, "Baƙo, zo nan ɗan Mama. Zo, ba wanda zai taɓa ka. Zo ka ga abin da Mama ta kawo maka."

(Eh, haka nake masa magana a gida. Ban taɓa zaton wani zai ji ba.)

Da na fito da shi a ƙirjina, safa ɗaya ta ɓace, kaina babu ɗankwali, 'yan matan gidan duk sun ɗaga wayoyi. Gwaggo Luba ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da zomon duka.

Sai aka ji dariya daga kusurwar falo. Hajiya Tumba ce, kakar amarya, wata 'yar tsohuwa da ke zaune a kan darduma da carbi. Dariya take har da hawaye, tana dafe ƙirji. Da ta lafa ta ce, "Ku turo man ɗiyar ga da ɗanta."

Na ja gwiwa na je gabanta. Ta karɓe shi ta ƙasan ciki, yadda ya kamata, ta kwantar da shi a cinya, ta juya ƙafar ta duba. "Waya ta ci mai ƙahwa," ta ce. "Na yi kiwonsu shekara da shekaru. Ina kinka samo shi?"

Na ba ta labari tun daga bakin bola. Na faɗi zancen allura, da bandeji, da safa, da direban da ya ɗaga mini hannu. Ina yi ana dariya, har wadda ta ce a kira malam.

Hajiya Tumba ta ce in riƙa shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ina canzawa kullum, tawul na riƙe damshi. Sannan ta dubi matan gidan ta ce, "Ku ji nan. Gidan da ɗiyassu ka ɗauko abin da anka yas ta yi jinya tai har da sawo mai safa, ni ban jin tsoron kai jikata can. A kakkaɓe leshin ga a ci gaba da sha'ani."

Mai guɗa ta samu ta ƙarasa guɗarta. Na sauke ajiyar zuciya, na miƙa hannu zan karɓi abina, sai tsohuwar ta ƙara riƙe shi. "A'a. Abin da ya shigo cikin lehe ba shi komawa, ɗiyata. Wanga namu na."

Na marairaice na ce saura allura ɗaya, kuma ƙafar ba ta rufe ba. Muka daidaita a kan in tafi da shi ya warke, sannan in dawo mata da shi da kaina. Aka kawo farfesun kifi da tuwon shinkafa, na ci da zomo a cinya, don babu sauran abin ɓoyewa.

A hanyar komawa Gwaggo ta juya mini ƙeya. Kowa a motar na danne dariya. Sai da muka kusa Ambursa ta juyo, ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ce, "Ke da za ki sa mai safa, ba ki samu hwara ba? Sai mai agwagwa?" Daga nan ta fashe, mota duka ta ɗauka. Nasiru ya kira kafin mu shiga gari, hoton ya riga mu isa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Yaya, ɗan Mama yana lahiya?" Ranar Litinin kuma ina shiga aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malama, ya jikin Baƙo?"

Bayan sati biyar ƙafafun suka rufe, gashi ya fito, ashe fari ne da ɗigon ruwan ƙasa, kyakkyawa da shi. Na cika alkawari. Hajiya Tumba ta sa an kewaye masa wuri a ƙasa ƙarƙashin bishiyar lemo, ta samo masa mata. Na tsaya ina jera mata abin da yake so da wanda ba ya so, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in share hawayena, Argungu ba nisa, in zo duk ranar da na ga dama. Ina zuwa kuwa. Yakan tako ya shinshina ƙafata, sannan ya koma wurin iyalinsa, kamar kowane ɗa da aka yi wa aure.

Har yau in na tuna ranar, ba rarrafen ne ke sa ni rufe fuska ba, ba kuma faɗuwar gwaggwaro ba. 'Yan mintocin nan ne da na yi ina kallon fanka, alhali kowa na tambayar na wa ne. Da na amsa tun farko, da dariya ɗaya za a yi a wuce. Shi ya sa yanzu, in ana taro aka ɗaga wani abu aka ce "wannan na wa ne?", ni ce farkon ɗaga hannu. Sai daga baya nake duba ko nawa ne.